Sanda Jirge da Ruwa Biyu: Kundin Aikin Koyar da Furta Lambobin Asibiti da Turanci

13 ga Janairu, 2025

Ga abin da na sa a gaba: in naɗi gajerun darussa da murya waɗanda ɗaliban aikin jinya da na ungozoma za su saurara a waya, sannan in haɗa musu da ɗan littafin aljihu. Darussan duka a kan abu ɗaya ne, wato yadda ake furta lambobin da ke ɗauke da sanda jirge (/) ko ruwa biyu (:) a rubutun asibiti na Turanci. Ɗalibanmu sun iya kwafar 120/80 daga allo tsaf. Amma a asibiti da baki ake miƙa aiki, da baki ake amsa wa likita a zagayen safe, da baki ake karanta sakamakon gwaji a waya. Littattafan da muke koyarwa da su kuwa ba ruwansu da furuci, domin masu rubuta su a kunne suka tsinci abin.

Darasin farko karatun sakandare ne, don haka ban ja shi ba. 1/2 "a half", 1/3 "a third" ko "one third", 1/4 "a quarter", Amurkawa kuma sukan ce "one fourth". 2/3 "two thirds", 3/4 "three quarters", 5/8 "five eighths". Idan lambobin suka yi girma, kamar 17/64, ba wanda ke wahalar da harshensa, "seventeen over sixty-four" kawai ake cewa. Duk wanda ya zauna gaban malami aka yi masa karatun rabon gado, ya san sulusi da rubu'i da sumuni, wannan sashe ba zai tsayar da shi ba.

27 ga Janairu

Na tattara misalai daga littattafan karatu da takardun gwaji na aji, na jera su a kan tebur. Abin da ya bayyana shi ne, mafi yawan sandunan da ke cikin fayil ɗin mara lafiya ba alamar rabawa ba ne sam. Kamannin kaso kawai suka ara. Saboda haka na tsara darussan sashe-sashe na asibiti, ba alama-alama ba: ɗakin ido daban, ɗakin haihuwa daban, wurin magani daban. Tambayar da zan riƙa nanatawa a kowane darasi ita ce: me aka auna? Sai an amsa wannan kafin a buɗe baki.

Awon jini ne misali mafi sauƙi. 120/80 lambobi biyu ne masu zaman kansu, na sama ƙarfin jini lokacin da zuciya ta matse, na ƙasa lokacin da ta saki. Ana cewa "one twenty over eighty", wasu su cika su ce "a hundred and twenty over eighty". Ba a raba su, ba a rage su. Ma'aunin da ke biye, mmHg, shi ne "millimetres of mercury", tun zamanin da Riva-Rocci ya fito da na'urar awo mai zaiba a Italiya a 1896, kuma sunan ya zauna duk da cewa da yawa daga na'urorin yau na batir ne.

Akwai ɗaliba a ajinmu da ta fara karatunta a Maraɗi. Ta ce, "Malam, mu can 12/8 ake rubutawa." Gaskiyarta. A tsarin Faransanci da santimita ake faɗa, sha biyu da takwas, kuma awo ɗaya ne da 120/80. Na saka wannan a darasin, domin marasa lafiya na tsallako iyaka da takardunsu a hannu, kuma nas ɗin da ta ga 12/8 ba ta sani ba za ta tashi hankalin ɗaki a banza.

10 ga Fabrairu

Yau na zauna da wani likitan ido, kuma daga wurinsa na samo misalin da zai zama ƙashin bayan littafin duka: 6/12.

A ɗakin ido, 6/12 ƙarfin gani ne. Allon haruffan nan da suke ƙanƙancewa zuwa ƙasa aikin Herman Snellen ne, likitan ido ɗan ƙasar Holan, a 1862. Lambar sama ita ce nisan da aka tsayar da mutum, mita 6. Ta ƙasa kuma nisan da lafiyayyen ido zai karanta wannan layin, mita 12. Ana furta shi "six twelve", a nan gida kuma an fi jin "six over twelve", duka biyun sun yi. Abin da bai yi ba shi ne "six twelfths", balle a rage shi a ce "a half". Likita ya yi dariya ya ce, "Malam, in ka ce rabi, sai mutum ya tafi gida ya ce wa iyalinsa rabin idonsa ya mutu." Amurkawa da ƙafa suke awo, ƙafa 20 a madadin mita 6, shi ya sa 6/6 namu yake 20/20 a wurinsu, "twenty twenty", 6/12 ya zama 20/40, 6/60 kuma 20/200. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa ganin da ya gaza 3/60 a matsayin makanta.

To, fita daga ɗakin ido ka shiga ɗakin ganin likita. A can 6/12 wata shida ne. Wannan taƙaitaccen rubutu ne da muka gada daga likitancin Ingila: kwanaki a kan 7, makonni a kan 52, watanni a kan 12. Idan aka rubuta tari 3/52, tari ne na mako uku, kuma "three weeks" ake karantawa. Magani 5/7, "for five days". Ba a furta 52 ɗin, ba a furta 7 ɗin, aikinsu kawai su gaya maka wane irin lokaci ake nufi. Wannan salo ya cika takardun maganinmu, amma ba kasafai za ka gan shi a littafin Amurka ba, don haka ɗalibin da ya dogara da littattafan can kaɗai zai zo asibiti ya tarar da yaren da ba a koya masa ba.

Sannan a saman shafin, 6/12 kwanan wata ne: 6 ga Disamba a wurinmu, 12 ga Yuni a Amurka. Rubutu ɗaya, karatu uku, kuma babu ko ɗaya a ciki da yake rabi.

24 ga Fabrairu

Maki. Na naɗi wannan cikin sauri don doka ɗaya ce: "out of". Ciwo 7/10, "seven out of ten". Ƙarfin gaɓa 4/5, "four out of five". Ma'aunin farkawa na Glasgow, wanda Teasdale da Jennett suka wallafa a 1974, 13/15, "thirteen out of fifteen". A zagayen safe za ka ji ana cewa "over" a madadin "out of", ban hana ba. Na dai jaddada cewa mafi ƙarancin maki a ma'aunin Glasgow 3 ne ba sifili ba, saboda haka 3/15 shi ne ƙarshen ƙasa, kuma wanda ya rage shi zuwa ɗaya bisa biyar ya fita daga likitanci ya koma ajin lissafi.

10 ga Maris

Ɗakin haihuwa ya ba ni abin da nake nema, kaso na gaskiya. Wata babbar ungozoma ta nuna wa ɗalibai da yatsunta biyar a kan mara: ana raba kan jariri gida biyar, a auna nawa ne har yanzu ake iya taɓawa ta ciki. 5/5 kai bai shiga ƙugu ba, 2/5 ko ƙasa da haka ya shiga. A nan karatun sakandare ya dawo, "three fifths palpable". Furta "fifths" ya ba ɗalibai wuya, baƙaƙe uku a jere a ƙarshen kalma ba ɗabi'ar bakinmu ba ce. Na gaya musu su kwantar da hankali, Turawan ma da yawa haɗiye "f" ta biyun suke yi. Muhimmin abu a ji lambar farko sarai.

Sista ta ja hankalina kan makin Apgar, na likitar nan Ba'amurkiya Virginia Apgar da ta wallafa a 1953. Ana ba jariri maki a kan 10 a minti na ɗaya da minti na biyar. Wani zai rubuta 8/10, wato takwas cikin goma. Wani kuma ya rubuta 8/9, yana nufin takwas a minti ɗaya, tara a minti biyar. Ta ce, "Malam, ka koya musu su faɗi mintin, shi ke nan." Haka na yi: "eight at one minute, nine at five minutes". Ya fi tsawo, amma ba mai tambayar me kake nufi.

Tsawon ciki kuma 38+2 ko 38 2/7, duka "thirty-eight weeks and two days".

24 ga Maris

Na shiga ruwa biyu, kuma nan ne aikin ya yi nauyi. Kalmomi biyu ne ke takara a kan alama ɗaya, "to" da "in", kuma ba abu ɗaya suke nufi ba. "One to four" na nufin ɗaya a nan, huɗu a can, jimla biyar. "One in four" na nufin ɗaya daga cikin huɗu, jimla huɗu.

Da sikila na koyar da shi, domin babu ɗalibin da bai san gidan da abin ya shafa ba. Idan miji AS ne, mata AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS: "one in four". Idan kuwa za a kwatanta SS da sauran, ɗaya ne da uku: "one to three". Rabon duka kuma 1:2:1, "one to two to one", AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya. Na ƙara musu abin da ba na furuci ba ne amma ya zama dole: wannan lissafi na kowane ciki ne da kansa, ba wai in an haifi mai sikila ɗaya ukun da ke biye sun tsira ba.

Wurin haɗa ruwan kashe ƙwayoyin cuta bambancin ya fi fitowa fili. Don a samu ƙarfin 0.5% daga bilic mai 3.5%, ana zuba awo ɗaya na bilic, awo shida na ruwa. Wannan "one to six" ne, kuma shi ne "one in seven". Amma a ɗakin gwaje-gwaje, idan aka rubuta 1:10, al'adarsu ita ce ɗaya cikin goma, wato awo ɗaya da awo tara. Alama ɗaya, ɗakuna biyu, lissafi biyu. Hukuncin da na yanke a littafin: duk inda za a haɗa wani abu da hannu, a faɗi awon kowanne, "one part bleach, six parts water".

Farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya ba shi da ruɗani: 30:2, "thirty to two", danna ƙirji talatin, hura numfashi biyu, tsarin da aka koma kansa a 2005. Ga jariri sabon haihuwa 3:1, "three to one".

Sai gwajin Widal na taifod, wanda ke ɗauke da sunan likitan Faransa da ya fito da shi a 1896. 1:80 "one in eighty", 1:160 "one in one-sixty". Lambar na nuna iya tsarmin da aka yi wa jini amma har yanzu gwajin na kamawa, don haka 1:320 ya fi 1:80 ƙarfi. A ra'ayina mun cika dogaro da wannan gwaji, sakamako guda ɗaya ba ya tabbatar da taifod, amma wannan rigimar wani ajin ce. Tunda ɗalibai za su riƙa ganinsa kullum, dole su iya karanta shi.

14 ga Afrilu

Adiranalin. Darasin da ya fi kowanne ɗaukar lokaci, kuma har yanzu ban rufe shi ba.

1:1000 ana karanta shi "one in a thousand", ma'anarsa giram ɗaya cikin mililita dubu, wato miligiram 1 a kowace mililita. 1:10,000 "one in ten thousand", miligiram 0.1 a kowace mililita. Na farkon ya ninka na biyun ƙarfi sau goma. Mai ƙarfin shi ake yi a tsoka idan jiki ya yi mummunan bore ga magani ko abinci, mai tsarmin kuma shi ake bayarwa ta jijiya idan zuciya ta tsaya. Ka lura da tarkon: a gwajin Widal babbar lamba na nufin ƙarfi, a nan kuwa babbar lamba na nufin rauni. Sannan bambancin da ke tsakaninsu a rubuce sifili ɗaya ne, a baki kuma gajeriyar kalma ɗaya, "ten", wadda hayaniyar ɗakin gaggawa ke iya cinyewa.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A Amurka, daga 2016 aka daina rubuta ƙarfin adiranalin da ruwa biyu a jikin kwalba, aka koma miligiram a kowace mililita, saboda yawan kuskuren da ake samu. An bar tsohon salon ne kawai inda aka gauraya shi da allurar kashe zafi, irin 1:200,000, "one in two hundred thousand", wanda ya yi daidai da maikurogiram 5 a kowace mililita.

Mun yi muhawara da wani mai harhaɗa magunguna a kan wannan. Shi yana ganin kada ma a koyar da tsohon salon, a tafi kai tsaye ga miligiram. Na ce masa, "Yallaɓai, kwalaben da ke kabad ɗinmu da littattafan Ingila da ɗaliban ke karantawa har yanzu suna ɗauke da shi, in ba mu koya musu ba a ina za su koya?" Muka tsaya a tsakiya: a iya karanta shi, amma a baki kada a taɓa faɗinsa shi kaɗai. A haɗa da miligiram, a haɗa da hanyar da za a bi, wanda aka gaya wa kuma ya maimaita kafin ya fasa kwalba. Na rubuta a farkon darasin cewa wannan koyon furuci ne, adadin da za a ba mara lafiya yana ga likita da ƙa'idar asibiti.

28 ga Afrilu

Na saurari abin da ɗalibai suka naɗa da muryoyinsu. Sandar da ruwa biyun sun fara zama. Inda ake tuntuɓe yanzu shi ne ɗigo.

Bayan ɗigo ɗaya-ɗaya ake kiran lambobi: 0.45 "zero point four five", ba "forty-five" ba. Mutanen Ingila sukan ce "nought" a madadin "zero". Na hana "point five" tsirara, ko da yake ana jinsa a bakin manya, domin in kunne ya rasa "point" saura "five", ninki goma ke nan. Dalili ɗaya ne ya sa hukumar tantance asibitoci ta Amurka ta saka .5 da 5.0 cikin jerin rubutun da ta hana tun 2004: ɗigo na iya ɓacewa a takarda. Ruwan gishiri na ƙarin ruwa 0.9% ne, 0.45% shi ne "half normal saline", 0.18% kuma "one-fifth normal". Ga 'yan Nijar akwai ƙarin aiki, tunda a Faransanci waƙafi ne ke tsayawa a gurbin ɗigo. 0,5 rabi ne, kuma 1,000 da mu muke karantawa dubu, a idonsu ɗaya ne.

"Fifteen" da "fifty" a waya kusan abu ɗaya ne. Magani: "fifteen, one five", "fifty, five zero". Haka daga sha uku har sha tara.

12 ga Mayu

Wurin magani da ɗakin tiyata, a darasi ɗaya. Idan ƙwaya ɗaya ta haɗa magani biyu, sandar shiru ake yi da ita. Coartem 20/120 "twenty, one-twenty". Augmentin 500/125, wanda kowa ya fi sani da 625. Insulin 70/30 "seventy thirty", kashi 70 mai jinkirin aiki, kashi 30 mai sauri. Wannan haɗin shi ne dai Mixtard 30, sai dai can da mai saurin aka yi suna, don haka a duba kwali, kada a dogara da wace lamba ce ta zo farko.

Inda ma'auni ne, sandar "per" ce: mg/kg/day, "milligrams per kilogram per day". Kalmar ƙarshe ita ce mai haɗari a ɗakin yara, "per day" ko "per dose". Wanda ya ji na farko ya yi aiki da na biyu ya ninka maganin sau uku ko huɗu.

Fakitin zaren ɗinki ya burge ni. A jikinsa akwai 3/0, wanda ake cewa "three-oh", kaurin zare ne, yawan sifili yawan siranta, 5/0 ya fi 2/0 siriri. Kusa da shi kuma akwai 3/8, lanƙwasar allurar, wannan kuwa kaso ne na gaskiya, "three-eighths circle". Na ɗauki hoton fakitin, shi zai zama bangon littafin.

26 ga Mayu

Na fara sashen mujallun bincike, don masu shirin kare aikinsu na ƙarshe. A tebur, 17/64 mutane ne, "seventeen of sixty-four patients", ba "over" ba. Karan da ke tsakanin lambobi biyu, kamar 1.2–4.8, "to" ne. p<0.05 "p less than zero point zero five". 10⁹/L na ƙirgen ƙwayoyin jini, "ten to the ninth per litre" ko "ten to the power nine". Don misalin mace-macen mata wajen haihuwa na ɗauki adadin binciken lafiya na ƙasa na 2018, 512 cikin kowace haihuwa 100,000 da aka samu jariri da rai: "five hundred and twelve per hundred thousand live births".

Abin da ya rage: na'urar taimakon numfashi da gwajin huhu, waɗanda sai na zauna da likitan sa barci kafin in naɗa. Darasin adiranalin zai koma wurin mai harhaɗa magunguna ya sake saurara. Ɗalibai sun roƙi a ƙara muryar mace, kuma a rage sauri a darasin ruwa biyu, don haka zan sake naɗarsa tare da Sista bayan jarrabawar wannan zangon.